Muryar Dutsen Kombo

Ujiji, 9 ga Disamba, 1997

Amaryata Zuwena,

Assalamu alaikum. Tsohon da ke ƙarshen layin dogo yana gaishe ki. Muna lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. 'Yata, goggonki Mwamvua, tana gaishe ki, ciwon ƙafar nan nata ya yi sauƙi.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki tuna ni. Ni ne Makame, ƙanin kakanki Haji, wanda ya taɓa ɗaukar ki a kafaɗa a wani biki a Darussalam kika jiƙa mini wuyan riga. Tun ranar na ce na yi mata. An ce kin gama jami'a, kin karanta ilimin teku, har an ba ki aiki a gandun tekun da aka killace a tsibirinmu. Na yi dariya har da hawaye. Jinin Kombo ne yau ke gadin ruwan da ya ci Kombo.

Ban san ko an ba ki labarin ba. Babanmu ba shi da kabari. Ya fita da ngalawarsa, ɗan jirginsa na kamun kifi, wata safiya cikin kusi, iskar nan ta kudu mai ƙarfi, aka tsinci jirgin a kife kan dutsen murjanin da ke kudu da tsibiri, shi kuma ba a gan shi ba. Tun daga nan ake ce wa wurin Dutsen Kombo. A kan dutsen nan ya koya mini komai. Yakan dasa filafilin tuƙi cikin ruwa, ya ɗora kunnena a kan ƙotar, sai in ji dutsen yana ƙara kamar ana suyar kifi. Bayan rasuwarsa na bi wani mai sassaƙar jiragen ruwa zuwa nan, na ce damina biyu zan yi. Kin ga damina biyun. Tafkin nan na Ujiji ya ciyar da ni, ba zan zage shi ba, amma na sa masa kunne, bebe ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Idona ya fara cin amanata. Abin da ke gabana ina gani, amma duhu yana matsowa ta gefe da gefe. Ina so in zo in ga Dutsen Kombo, in yi wa babana Fatiha a kansa. An ce yanzu ba a shiga sai da izini. To, ni matata ce mai izinin.

Angonki,
Makame Kombo

*

Ofishin Gandun Teku, 14 ga Janairu, 1998

Kaka,

Wa'alaikumus salam. Ina fatan kuna shan ruwa lafiya. Ni lafiya ƙalau, sai dai ban saba da jirgi ba tukuna, kullum sai na yi amai, kuma Shehe mai tuƙa mu ya mayar da ni abin dariya. Na tuna ka. Maganar riga kuwa ba ni da shaida, saboda haka ban amsa laifi ba.

Na tambayi shugabanmu. Dutsen Kombo yana cikin yankin da aka hana kamun kifi, amma ya ce baƙo zai iya zuwa idan ma'aikaci na tare da shi kuma ba za a jefa ƙugiya ba. Izini ba matsala ba ne.

Na nutsa a wurin a watan Nuwamba, kafin in san na baban kakana ne. Akwai murjani mai rassa kamar ƙahon barewa, ruwan ƙasa ne, bakin kowane reshe shuɗi. Akwai mai faɗi kamar faifai, wani a kan wani. Kifaye rawaya suna tafiya gungu guda, idan ka matsa su buɗe maka hanya. Na ga kunkurun teku sau biyu, ko da yake ba zan rantse ba guda ɗaya ba ne na gani sau biyu. Ƙarar da ka ce kuwa, a littafi an ce wasu ƙananan jatan lande ne da ke zaune cikin ramukan murjani suke ƙyasta ƙafa. Ni ban gwada sauraro ba tukuna.

Amma ina roƙon ka kada ka taso yanzu. Ruwan bana ya sa kogi ya kwararo da laka, mai nutso ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Tafiyar da aka jira shekara da shekaru bai kamata ta ƙare a kallon kunu ba. Daga ƙarshen Maris ruwa kan yi garau.

Game da ido, ina tsammanin yana ce, wadda ke kama tsofaffi. Ita ana cire ta mutum ya koma gani tas. Ka je asibiti, kada ka yarda da tozalin masu talla.

Jikarka,
Zuwena Faki

*

Ujiji, 20 ga Fabrairu

Amarya,

Barka da Sallah, ko da ta wuce. Kowa lafiya. Ruwa ya cinye layin dogo a tsakiyar ƙasa, wasiƙarki ta zo a mota tana warin man ja.

Jatan lande! Tun ina yaro nake cewa dutsen ne ke tasbihi, yau 'yar boko ta ce mini abin miya ne. To, su ma ai bayin Allah ne.

Kin ga rubutuna ya yi girma, ba ƙasaita ba ce. Ganina yanzu kamar na mai leƙe ta cikin gora. Asibiti na je, layin ya fi ƙarfin ƙafata, na dawo. Zan koma.

Na ji maganarki, na jira. Da an yi Babbar Sallah zan taso, ko a kan buhunan dagaa ne, busassun ƙananan kifin tafkin nan, a bayan mota. Mwamvua tana faɗa, wai tsoho ba ya hawa kan buhu. Na ce mata a kan buhu na zo garin nan. Ki tanadi shinkafa da kwakwa.

Angonki

*

Ofishin Gandun Teku, 28 ga Maris

Kaka,

Ina gaishe ka da Goggo, da fatan jiki da sauƙi. Ni lafiya.

Na daɗe ina juya wannan takarda kafin in rubuta. Ina ganin bai dace ka zo bayan Sallah ba. Zafi ya yi yawa bana, teku ba ta cikin kamanninta. Ga shi masu bincike sun zo daga birni, har da Turawa, kullum muna kan ruwa tare da su, kuma ɗakina guda ne, ba inda zan sauke ka yadda ya kamata. Kafin su tafi kusi ta taso, ka fi ni sanin abin da take yi a wajen dutsen nan.

Shawarata, ka fara yin aikin idon, ka huta, sai ka zo a Oktoba ko Nuwamba, teku ta kwanta, kai ma idonka ya buɗe. Wata bakwai ba wani abu ba ne a kan shekarun da ka jira. Don Allah kada ka ga kamar ba na so.

Jikarka,
Zuwena

*

Ujiji, 19 ga Afrilu

Malama Zuwena,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Na fahimta. Mai manyan baƙi ba ya son tsoho mai warin kifi a bakin ƙofa. Ba laifinki ba ne, ni ne ban san matsayina ba. Na kwance kayana. Allah ya ɗaukaka ki a aikinki.

Makame

*

Ofishin Gandun Teku, 11 ga Mayu

Kaka,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon ka karanta har ƙarshe. Tunda takardarka ta zo abinci bai yi mini daɗi ba. Wallahi ba kunyarka nake ji ba. Duk abin da na rubuta maka gaskiya ne, amma babban dalilin na bar shi a ciki, ga shi yanzu.

Dutsen Kombo ba shi da lafiya. Tun tsakiyar Maris ma'aunin zafin da muke sakawa cikin ruwa ya haura digiri talatin da ɗaya ya ƙi sauka. Murjani ba dutse ba ne zalla, mai rai ne, kuma idan ruwa ya yi masa zafi sai launinsa ya zube. Ranar da na fara gani na zaci idona ne. Duk ƙahonin nan masu bakin shuɗi sun koma fari fat, kamar an lulluɓe wurin da likkafani. Abin da ya kawo masu binciken ke nan.

A littafi an ce idan ruwa ya huce da wuri, launi yakan dawo. Shi na riƙe. Na ce bari in jinkirta ka, dutsen ya warke, idonka ya warke, ku haɗu kowa da lafiyarsa. Ban so ka ratsa ƙasar nan a kan buhu don ka ga kabarin babanka a haka ba.

Jiya na nutsa. Ruwan ya huce, amma ya makara. Farin ma ya tafi, wata gansakuka mai ruwan toka ta rufe rassan, idan ka taɓa sai su karye. Ba zan ce duka ya mutu ba, don ban auna duka ba. Abin da na auna, mafi yawansa ya mutu.

Idan har yanzu kana so, ka zo duk ranar da ka ga dama. Ɗakina naka ne, ni zan kwana wurin matar Shehe. Ka yafe mini.

Amaryarka, in ba ka sake ni ba,
Zuwena

*

Ujiji, 23 ga Yuli

'Yata Zuwena,

Gaisuwa mai yawa. Goggonki Mwamvua ce. Ni ba gwanar rubutu ba ce, ki yi haƙuri da hannuna. Jikin Baba lafiya, yana cin abinci.

Takardarki ta yi wata biyu a ƙarƙashin filonsa ba a buɗe ba. Na zaci fushi ne. Ashe ba ya iya karantawa, kuma girman kai ya hana shi faɗa. Sai da ya zuba shayi a gefen kofi yana kallon kofin na gane. Na kai shi wurin likitan ido. Ya ce ba yana ba ce, jijiyar idon ce ta mutu a hankali, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Ya ce a watan Afrilu da sauran ɗan gani. Yanzu babu, ko rana ba ya bambancewa da inuwa. Ban faɗa don in ɗora miki ba, na san kina son a gaya miki abu yadda yake.

Ni na karanta masa takardar. Na karanta inda kika ce ba kunyarsa kike ji ba, da inda kika ce ɗakinki nasa ne, da maganar saki. Nan ya yi dariyar da rabonsa da ita tun Sallah, ya ce, “Ki gaya mata na mayar da ita ɗakinta.” Tsakiyar kuwa na tsallake. Ya ce takardar ta yi nauyi a hannu amma ta yi gajarta a baki. Na ce rubutun 'yan jami'a ne, manya-manya.

Ga roƙona. Har yanzu yana son zuwa, jirgin ƙasa ya dawo aiki, ni zan kawo shi. Mutumin nan abin da ya rage masa a ido shi ne dutsen nan yadda ya bar shi. Kada ki karɓe masa. Idan kun je, ki faɗa masa launukan da kika rubuto a farko. Ai kin gan su da idonki, ba ƙirƙira za ki yi ba. Wata ne kawai za ki canza.

Goggonki

*

Ofishin Gandun Teku, 10 ga Agusta

Goggo,

Na gaishe ki, na gode da ba ki ɓoye mini ba. Na karanta maganar Afrilu har na haddace ta.

Ban iya abin da kika roƙa ba. Ko a makaranta, idan lissafi bai fito ba haka nake miƙa shi. Ina tsoron muryata za ta tona ni. Amma ni na sa ya rasa ganin, ba ni da bakin ƙi. Ku zo ƙarshen Oktoba, kusi ta kwanta. Na gaya wa Shehe, ya ce shi bakinsa da zare.

Zuwena

*

Ujiji, 22 ga Nuwamba

Amaryata,

Mun iso lafiya, ƙafafuna sun kumbura a jirgi amma sun sace. Ni ke faɗa, Mwamvua ke rubutawa, kuma na sa ta rantse ba za ta tsallake ko kalma ba wannan karon. Tana kuka tana rubutu, idan kin ga tawada ta baje, ita ce.

Na gode. Tun daga bakin gaɓa hancina ya gane gida: ruɓaɓɓiyar ciyawar teku, hayaƙin ɓawon kwakwa, jemagun nan da ke faɗa a kan kuka kamar matan kasuwa. Shinkafarki ta yi, ko da gishiri ya so ya yi yawa. Ki gaida Shehe. Ki ce masa mutumin da ke juya ngalawa haka, da a zamaninmu ne, sai dai a ba shi kwarya ya riƙa kwalfe ruwa.

Da muka tsaya kan dutsen, na ce ki leƙa ki faɗa mini. Kika sa gilashinki kika leƙa, kika daɗe. Sannan kika fara: ƙahon barewa, bakin shuɗi, faifai a kan faifai, kifi rawaya. Kin jera su daidai yadda suke a wasiƙarki ta azumi, ko ɗaya bai canza wuri ba. Na ce a raina, teku ba ta taɓa zama wuri ɗaya haka ba. Shehe kuma, mai surutun nan, ya yi tsit kamar an aiko masa da sammaci.

Sai na ce a miƙo mini filafili. Na ji numfashinki ya tsaya, don ke kaɗai kika san abin da zan yi da shi. Na dasa shi, na ɗora kunne. Na canza kunne. Na ce Shehe ya matsa gaba, na sake dasawa.

Zuwena, tafkin Ujiji na ji, beben nan.

Kika ce, “Kaka, me ka ji?” Na ce, “Jatan landenki suna nan.” Kin ga ke kin yi mini ɗaya, ni na yi miki ɗaya, ba mai bin wani.

Ban yi fushi ba. Da farko na ji kamar an sake aiko mini cewa an tsinci jirgin a kife. Amma muna cikin Fatiha wani abu ya huro iska kusa da mu, fuu, kamar tsoho ya hau tudu. Kika yi ihu, “Kunkuru!” Wannan muryar daban take da wadda kika jera mini launuka da ita. Nan na san aƙalla shi gaskiya ne, kuma shi na zo da shi gida.

Da muka dawo na matsa wa Mwamvua ta karanta mini tsakiyar takardar nan. Kin rubuta ta da kyau. Da ita aka karanta mini tun farko, da na zo duk da haka. Mutum ba ya fasa ziyarar kabari don ciyawa ta bushe a kai.

Kada ki ci kanki a kan Afrilu. Da na buɗe baki na ce makancewa nake yi, da kin ce in taho. Ni ma na yi ta zagaye.

Na bar miki filafilin da na sassaƙa a nan, yana bayan ƙofarki, na san kin gani. Aikin da zan ba ki: duk sanda kika bi ta wurin, ki sa kunne. Ranar da dutsen ya yi magana, ki rubuto mini. Amma kada ki ƙara gishiri, na ga hannunki.

Angonki,
Makame

*

Ofishin Gandun Teku, 6 ga Afrilu, 1999

Goggo,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Takardarki ta same ni jiya da la'asar. Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka kabarinsa, ya ba ki haƙuri. Ya ƙafar taki? An yi masa addu'a a masallacin tsibiri, tsofaffi biyu sun tuna shi, ɗaya ya ce shi ne yaron da ya fi kowa daɗewa a ƙarƙashin ruwa.

Kin san tun Disamba nake aiko masa da kalma guda duk wata: shiru. Kin ce yakan sa a maimaita masa, ya ce aƙalla yarinyar ba ta ƙara gishiri.

Akwai abin da ya kamata ki sani. A farkon Maris, a gefen kudu inda ruwa ya fi zurfi da sanyi, na dasa filafilin na ji wani abu. Kaɗan ne ƙwarai, kamar mai ya fara zafi kafin a jefa albasa. Na ba Shehe, ya ce shi ma ya ji, ya ce in rubuta a ranar. Na ce a'a. Wataƙila yashi ne ke gogar itacen, wataƙila kunnena ne ke so. Kaka ya ce kada in ƙara, saboda haka na ce sai na sake ji a wata ranar, na kuma nutsa na gani da idona. Iska ta hana mu fita kusan mako biyu.

Na koma. Na ji. Na nutsa, na sami 'yan rassa sababbi a jikin matattun, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, bakinsu shuɗi. Na rubuta masa a daren, takardar tana hanya, za ta iso ki da sunansa a kai. Na duba kwanan watan da kika ba ni. Ranar da na fara ji yana da rai, kuma da na aika a ranar, da ta same shi.

Ba na neman ki ce mini komai a kan wannan.

Abu ɗaya nake roƙo. Ko takardar ta riga wannan isowa, kada ki bar ta ƙarƙashin filo. Ki shiga ɗakinsa, ki zauna inda kike zama, ki karanta ta da ƙarfi. Gajera ce, kuma babu abin tsallakewa a cikinta.

'Yarki,
Zuwena